Yadda Ake Kula da Idon Bakwaini, Daga Kwalba Zuwa Aji Ɗaya

Ranar da aka sallami bakwaini daga ɗakin jarirai, hankalin kowa yana kan nauyinsa da numfashinsa da yadda yake kama nono. Ido ba ya cikin lissafi, domin a buɗe yake, fari tas, ba ja ba kwantsa. To amma cutar da ta fi makantar da bakwaini ba ta nuna komai daga waje. Tana can bayan ido, kuma kwanakin da ake iya tare ta ƙidayayyu ne. Saboda haka kafin a naɗe kaya a bar asibiti a yankin Zariya, ko na Shika ne, ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko asibitin kuɗi, maigida ko wadda ke jinya ta tsaya ta yi wa likita tambaya ɗaya: "Likita, yaushe za a duba masa bayan ido, kuma a ina?" Kar a fita sai an rubuta ranar a jikin kati.

Abin da za a rubuta a ajiye

Lambobi huɗu ne kowane likitan ido zai nema: makon cikin da aka haifi yaron, nauyinsa ranar haihuwa, kwana nawa ya yi ana ba shi iskar oksijin, da ko an yi masa ƙarin jini ko ya yi fama da cutar da ta shiga jini. A rubuta su a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta da waya, domin kati yana ɓata.

Daga nan sai a koyi lissafin shekarun bakwaini, wanda ya bambanta da na sauran yara. Cikakken ciki mako 40 ne, kuma duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a wurin likita, ko da bai zo a wata bakwai daidai ba. Yaron da aka haifa a mako na 30 ya riga lokacinsa da mako 10. Idan an haife shi ranar 1 ga Maris, to a farkon Satumba ya cika wata shida a kalanda, amma idonsa da ƙwaƙwalwarsa na ɗan mako 16 ne, wato bai ma cika wata huɗu ba. Da wannan lissafin da aka cire ragowar makonnin ake auna shi har ya kai shekara biyu. Duk inda aka ambaci watanni a nan gaba, wannan lissafin ake nufi, ban da ranar duba bayan ido ta farko, wadda ita daga ranar haihuwa ake ƙirga ta.

Duba bayan ido kafin kwana talatin

A bayan ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar haske, likitoci suna kiransa retina. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi suna fara tsirowa daga tsakiya tun cikin yana kusan mako 16, suna yaɗo a hankali kamar kabewa, ba sa kaiwa gefe sai dab da haihuwa. Wanda ya fito da wuri ya fito da aikin bai ƙarasa ba. Iskar oksijin da ya tarar a waje, balle wadda ake ƙara masa ta hanci, ta fi ta cikin mahaifa yawa, sai jijiyoyin su tsaya cak. Bayan 'yan makonni ɓangaren da bai samu jini ba ya fara neman agaji, sai wasu jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro barkatai. Su ne ke zub da jini, su bar tabo, tabon ya ja tantanin ya ɓamɓare shi daga mazauninsa. A kati za ku ga an rubuta cutar da haruffa uku, ROP.

Wani likita mai suna Theodore Terry ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1942, kuma a farkon shekarun 1950 aka gane alaƙarta da oksijin. Da asibitoci suka tsorata suka rage iskar fiye da kima, makanta ta ragu, amma jarirai da yawa suka mutu ko ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya zare wa jariri roba daga hanci. Iskar ce ta riƙe ransa. Abin da ake so shi ne a auna ta: a maƙala masa 'yar na'urar nan mai jan haske a ƙafa ko hannu, a riƙe lambar tsakanin 91 da 95. Bakwainin da ake ba iska kuma na'urar ta zauna a kan 99 ko 100 sa'a bayan sa'a, ya kamata a kira nas ta duba.

Wane yaro ake dubawa? A Amurka ma'aunin shi ne mako 30 zuwa ƙasa, ko nauyin giram 1,500 zuwa ƙasa. A ƙasashen da na'urorin auna iska ba su wadata ba, jarirai masu nauyi fiye da haka ma suna kamuwa, shi ya sa Indiya ta faɗaɗa nata zuwa mako 34 ko kilo 2. Wannan faffaɗan ma'aunin ya fi dacewa da halin da muke ciki. Wanda ya ɗan haura haka amma ya daɗe a kan oksijin, ko ya sha jinya, shi ma a nemi a duba shi.

Lokacin duba na farko shi ne mako huɗu da haihuwa, kada ya wuce kwana 30. Yaron 1 ga Maris ɗin nan, ranarsa 29 ga Maris ce. Kuma a nan ne al'adarmu ke cin karo da agogon cutar. Kwana talatin yana cikin arba'in. Mai jego tana ɗaki, tana wanka safe da yamma, ko ma an kai ta gidan iyayenta a Soba ko Maƙarfi ko Giwa, an ce jariri ƙarami haka ba a fita da shi iska ta buge shi. Tsoron gaskiya ne, bakwaini ba ya jure sanyi. Maganinsa shi ne a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula, a rufe su da zane, a ɗauki mota ko Keke Napep maimakon babur. Idan uwar ba za ta iya tafiya ba, kaka ko gwaggo ta ɗauke shi, a tatsi nono a kofi mai murfi. Wanda ya ce a bari sai an yi arba'in, a gaya masa cikin ladabi cewa lokacin da cutar ta fi tsanani yana faɗowa ne tsakanin mako na 34 da na 38 idan aka haɗa da makonnin ciki, kuma ba ta jiran kowa ya gama wanka.

Ga yadda duban yake, don kada uwa ta firgita. Ana ɗiga wa jaririn maganin da ke buɗe tsakiyar baƙin ido, sau biyu ko uku, a jira rabin sa'a zuwa sa'a guda. A shayar da shi kafin nan, a bar kamar sa'a ɗaya tsakanin shan nono da duban don kada ya yi tumbuɗi ya shaƙe. Sai a naɗe shi da zane, nas ta riƙe kansa, a ɗiga maganin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe mai kama da maƙalin takarda ya riƙe fatar idon a buɗe. Likita yana sanye da fitila a goshi, yana riƙe da gilashi mai kauri a gaban idon, yana ɗan juya ƙwayar idon don ya ga gefe-gefe. Jaririn zai tsala kuka har fuskarsa ta yi jawur. Mintoci kaɗan ne. Bayan an gama fatar idon na iya ɗan kumbura, haske zai dame shi na wasu sa'o'i, shi ke nan.

Likita zai rubuta mataki. Na 1 layi ne kawai tsakanin inda jini ya kai da inda bai kai ba. Na 2 layin ya yi tudu. Na 3 miyagun jijiyoyin sun tsiro a kan tudun. Na 4 tantanin ya fara ɓamɓarewa, na 5 ya ɓamɓare gaba ɗaya. Idan ya ƙara alamar tarawa kusa da lambar, yana nufin jijiyoyin tsakiya sun kumbura sun murɗe, cutar tana gudu ke nan. Yawancin mataki na 1 da na 2 suna warkewa da kansu, amma ba wanda zai san wanne ne zai warke sai an sake dubawa. Shi ya sa ake cewa a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, a yi ta dawowa har jijiyoyin su kai gefe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a je sau ɗaya, a ji "ba komai tukuna," a ɗauka an gama.

Idan aka ce sai an yi magani, kwana biyu zuwa uku ne wa'adin. Ko dai a ƙona ɓangaren da bai da jini da hasken lesa, ko a yi allurar wani magani a cikin idon. A tambaya nan take ko akwai kayan aikin a wurin. Idan babu, a karɓi takardar turawa a ranar, a kira can kafin a tashi. Daga Zariya, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da manyan asibitocin ido na Kano ba su fi tafiyar yini ba, likitan da ya duba shi ne zai faɗi inda ya dace. Wanda aka yi wa allura yana buƙatar bibiya mai tsawo fiye da na lesa, domin cutar kan dawo bayan watanni, lokacin da kowa ya saki jiki.

Harara-garke

Ko an tsallake wancan siratsin, bakwaini ya fi sauran yara yawan samun karkatar ido, abin da muke kira harara-garke. Dalilan uku ne galibi: tabon da ROP ta bari, buƙatar tabarau mai ƙarfi, ko ɗan rauni a ƙwaƙwalwa daga zubar jini ko ƙarancin iska a kwanakin farko. Kowane ido yana da tsokoki shida da ke juya shi, kuma ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su su tafi tare. Kallon fitila daga gefe ba ya jawo shi, kwanciya a ɓangare ɗaya ba ta jawo shi, ba kuma laifin uwa ba ne.

A wata biyu zuwa ukun farko, ido na iya zamewa na ɗan lokaci ya dawo, musamman idan jariri na jin barci. Wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ke buƙatar likita shi ne idon da ya karkace ya zauna haka kullum, ko a wane wata ne, da wanda har yanzu yake zamewa bayan wata huɗu.

Akwai gwaji uku da ake iya yi a ɗaki. Na farko da tocila. A zaunar da yaron a cinyar wani, a tsaya a gabansa daidai, a riƙe tocilar kusa da hancin mai dubawa, nisan kamu biyu daga fuskar yaron. Idan ya kalli hasken za a ga ɗan ɗigon haske a kan baƙin kowane ido. A ido lafiyayye ɗigon biyu suna zaune wuri ɗaya, kusa da tsakiya. Idan ido ya karkata ciki wajen hanci, ɗigonsa zai faɗa ta wajen kunne. Idan waje ya karkata, ɗigon zai matso wajen hanci. Wannan gwajin ne ke raba gardama a kan yaran da doron hancinsu ke da faɗi, fata ta rufe farin idon da ke kusa da hanci, har a ga kamar idon ya shige ciki alhali lafiyarsa lau.

Na biyu da tafin hannu. A nuna masa abu mai launi ko makulli mai ƙara, a rufe ido ɗaya ba tare da an taɓa fuskar ba, a sa ido kan wanda aka bari a buɗe. Idan ya yi tsalle ya gyara zama don ya kama abin, to dā a karkace yake. Sannan a lura da halin yaron. Idan an rufe na hagu bai damu ba, amma da an rufe na dama sai ya ture hannu, ya kau da kai, ya fashe da kuka, to da na daman kaɗai yake gani sosai. A maimaita a ranaku daban-daban kafin a yanke hukunci, yaro na iya ture hannu don ƙiwa kawai.

Na uku hoto ne da hasken waya, a ɗaki mai ɗan duhu, daga nisan taku biyu. Tsakiyar ido kan dawo da haske ja ko ruwan goro, a yaranmu masu duhun fata ma yakan zama dushi-dushi. Abin dubawa shi ne idanun biyu su yi kama. Idan ɗaya ya dawo da fari kamar idon kyanwa da dare, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya, kar a jira mako: yana iya zama yanar ido, ko ɓamɓarewar tantani, ko ciwon dajin ido na yara, wanda ke kisa idan an yi jinkiri.

Sauran alamun da ba a zama da su a gida: jaririn da ya kai wata uku bai kafa wa fuskar uwa ido ba kuma ba ya bin ta da kallo, idanun da ke rawa ba tsayawa, yaron da kullum sai ya karkatar da kai ko ya ɗaga haɓa kafin ya kalli abu, mai rufe ido ɗaya duk lokacin da ya fita rana, ido mai yawan hawaye da gudun haske wanda baƙinsa ya girma ko ya yi hazo. Idan kuma karkatar ta zo farat ɗaya tare da amai, ko kai yana girma da sauri, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa kamar rana za ta faɗi, to mai yiwuwa ruwa ne ke taruwa a kai, a nufi sashen gaggawa na yara.

Maganar da ta fi cutar da yaran nan ita ce "zai miƙe in ya girma." Idan idanu biyu suna kallon wurare daban, ƙwaƙwalwar yaro takan yi watsi da hoton ido ɗaya don kada ya ga abu biyu-biyu. Idon da aka yi watsi da shi ba ya koyon gani, ko da ƙwayarsa lafiya take. Sunan wannan amblayofiya. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne daga haihuwa zuwa kusan shekara bakwai ko takwas, kuma shekarun farko sun fi sauran albarka nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba ma ana iya miƙe masa ido da tiyata, amma ganin da bai koya yana ƙarami ba da wuya ya dawo.

Tabarau

Matakin farko na magani kusan kullum awon tabarau ne, kuma jariri ma ana auna shi ba sai ya iya magana ba. Sharaɗin shi ne a ɗiga masa maganin da ke sassauta tsokar cikin ido kafin awon, domin idon yaro yana da ƙarfin ɓoye matsalarsa. Awon da aka yi ba ɗigo, a shago ko a wajen masu yawo da gilasai a kasuwa, ba abin dogaro ba ne ga yaro.

Bakwaini da yawa, musamman waɗanda aka yi wa lesa, ba sa hango nesa, kuma lambarsu kan hau da sauri, don haka a sake awo duk wata shida ko shekara yadda likita ya tsara. Wasu kuma akasin haka ne, sai sun yi yunƙuri kafin su ga abu sarai, yunƙurin ne ke jan idon ciki, galibi a shekara biyu zuwa uku. Irin waɗannan tabarau kaɗai na iya miƙe idon. Da an cire sai ya koma, wannan kuwa ba alamar tabarau ya lalata ido ba ce, alamar yana aikinsa ce.

A zaɓi firam na roba mai laushi da igiya ta bayan kai, da gilashin roba marar fashewa. Ya zauna a kan hanci yadda yaron ba zai leƙa ta sama ba, domin yaro gajere ne, duniyarsa duk a sama take. Ana sawa daga tashi barci har kwanciya. Lokacin hunturu ƙura na karce gilashi, a wanke da ruwa da ɗan sabulu kafin a goge, kar a murza shi a bushe da gefen zane. Likita kan bar yaro da tabarau kaɗai na wata uku zuwa huɗu kafin ya ƙara wani abu, saboda ganin kan ƙaru da kansa a wannan tsakanin.

Rufe ido mai kyau

Idan har yanzu ido ɗaya na baya, sai a rufe mai kyaun da filasta don a tilasta wa mai raunin ya yi aiki. A maimaita: mai kyaun ake rufewa. Ana samun gidan da aka yi watanni ana rufe wanda ya karkace, don hankali ya fi karɓar haka. A sa likita ya rubuta "dama" ko "hagu" a kati.

Ga raunin da bai yi tsanani ba, sa'a biyu a rana kan wadatar. Mai tsanani har sa'a shida. Likita ne ke yanke adadin, kuma kada a ƙara don neman sauri, domin idon ƙaramin yaro da aka rufe fiye da kima shi ma yana iya raunana. Shi ya sa komawa asibiti duk bayan 'yan makonni wajibi ne.

Filastar a kan fata ake manna ta, tabarau ya hau samanta. Idan a jikin gilashi aka liƙa, yaron zai leƙa ta gefe. Inda ba a samu ta musamman ba, a yanka auduga mai laushi ta asibiti daidai faɗin ido, a ɗora bisa rufaffen ido, a kama gefunanta da filastar takarda, wadda ba ta cin fata kamar mai ƙarfin nan ta ɗaurin ciwo. A watannin Maris da Afrilu gumi na ɓamɓare ta, ya kuma sa ƙuraje, don haka a yi da sassafe bayan wanka, fata a bushe, ba mai. Wajen cirewa a jiƙa gefen da ruwan ɗumi, a ja daga wajen hanci zuwa kunne a hankali, sannan a shafa ɗan man kaɗanya a inda filastar ta zauna, nesa da ƙwayar ido.

Makon farko yaƙi ne, kuma yaron yana da gaskiya: an rufe masa idon da yake gani da shi. Kar a manna a bar shi shi kaɗai. A zauna da shi, a ba shi abin da sai ya duba da kyau: tsintar wake daga cikin shinkafa idan ya wuce shekarun kai abu baki, zura murafun kwalba a gwangwani, zane da alli, cin abinci da hannunsa. A fara da minti ashirin a riƙa ƙarawa. A ja kunnen yayye kada su yi masa dariya, kuma kar a bar shi ya fita titi ko kusa da murhu da rijiya ido a rufe. A riƙa yin alama a kalanda duk ranar da aka yi, a tafi da ita asibiti.

Wanda ya ƙi filasta ƙememe, likita na iya ba da ɗigon atrofin a idon mai kyau, ɗigo ɗaya, sau da yawa kwana biyu kawai a mako. Yana dushe ganin kusa na wannan idon, sai ɗayan ya karɓi aiki. Bayan ɗigawa a danna kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu don kada maganin ya gangara maƙogwaro. Rana za ta dame shi, a sa masa hula mai baki. Idan jiki ya yi zafi, baki ya bushe, zuciya na bugawa da sauri, yaro ya rikice, a dakata a kai shi asibiti, kuma kar a jira ganin jan fuska, a fatarmu ba ya fitowa sosai. Kwalbar guba ce idan yaro ya sha, a kulle ta.

Tiyata

Idan tabarau bai miƙe idon ba, sai aiki. Ba a ciro ido a ajiye a faranti, kamar yadda ake ta faɗa. Likita na buɗe siririyar fatar da ke kan farin ido, ya kai ga tsokar, ya matsar da ita baya don ya sassauta ta, ko ya rage tsawonta don ya ƙara mata ƙarfi, da awon milimita. Wani lokaci idanu biyun ake taɓawa ko da ɗaya ne ake ganin ya karkace, don ma'auni ake gyarawa. Karkatar ciki mai girma da ta bayyana kafin wata shida ana son a gyara ta kafin shekara biyu, don idanun su samu damar koyon aiki tare.

Ana sa yaron barci, don haka a gaya wa likitan barci cewa bakwaini ne, da tsawon zamansa a kan oksijin, da ko yana da tari ko farfaɗiya. A bi umarnin hana abinci daidai, kada tausayi ya sa a ba shi koko a ɓoye. Bayan aiki idon zai yi ja na makonni, hawaye na iya zuwa da ɗan jini a kwanakin farko. Kumburi mai ƙaruwa, ruwan kwantsa mai yawa, ko zafin da ke hana barci, a koma a ranar. Wasu yaran sai an sake aikin, kuma tiyata ba ta maye gurbin tabarau ko filasta.

Abin da ba a sa wa idon

Kwalli da yawa na gargajiya yana ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ga tsinken da ke yawo daga ido zuwa ido. Nono abinci ne mai kyau ƙwarai ga bakwaini, shansa ma yana rage haɗarin ROP, amma a baki, ba a ido ba. Ruwan ganye, zuma da ruwan sukari ba sa miƙe tsoka. Haka ɗigon kemis da ake saya don jan ido: wasunsu na ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda yawan amfani da shi ke hawar da ƙarfin ruwan ido ya kuma kawo yana. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su da ranar da ke jikin kati.

Idan ido lafiya, gani kuma babu

Akwai bakwainin da likita zai duba ya ce idon ba komai, amma uwa ta san akwai matsala. A nan raunin yana ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke fassara abin da ido ya gani. Yaron kan gani yau ya kasa gobe, ya gane uwarsa a ɗaki amma ya kasa tsinto ta a cikin mata a gidan biki, ya kasa ganin cokali a kan zane mai ado, ya yi ta tuntuɓe da dakali. A sauƙaƙa masa: abu ɗaya a lokaci ɗaya, mai launi guda mai haske, a kan farar tabarma ko baƙin zane, a ba shi lokaci ya kalla kafin a ɗauke. A gaya wa likitan yara, domin sau da yawa yana tafiya tare da jinkirin zama ko tafiya.

Ko ba a ga komai ba, duk bakwainin da ya shiga jerin masu duban ROP a mayar da shi wurin likitan ido wata huɗu zuwa shida bayan an sallame shi daga wancan duban, sannan kusan duk shekara har ya shiga makaranta. Daga shekara uku zuwa huɗu yana iya gwajin allo mai hotuna ko harafin E, ido ɗaya bayan ɗaya, ɗayan a rufe ruf. Bambancin layi biyu tsakanin idanun abin bincike ne. Idan ya shiga aji, a gaya wa malaminsa na boko da na Islamiyya su zaunar da shi gaba, kuma kada a dake shi don ya kai allo ko littafi dab da fuska. Wanda ya taɓa yin ROP mai tsanani kuwa, idan ya yi wayo a koya masa alamu uku da zai faɗa nan take ko ya zama saurayi: walƙiya a cikin ido, baƙaƙen ɗigo masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya, da duhu kamar labule da ke jawowa daga gefe. Tantanin na iya ɓamɓarewa bayan shekaru, kuma wanda aka kai asibiti a kwana ɗaya ko biyun farko ya fi samun damar a mayar masa da shi.